Yadda Kamfanin Fasahar Ilimi Zai Shiga Sabuwar Kasuwa, a Gida ko a Ƙetare

A shekarar 2021 masu jari sun zuba sama da dala biliyan 20 a kamfanonin fasahar ilimi na duniya, a lissafin cibiyar HolonIQ. Annobar korona ce ta jawo haka. Makarantu a rufe, ɗalibai sama da biliyan ɗaya da rabi suna zaune a gida, aka ɗauka karatu ya koma waya ke nan, ba dawowa. Kamfanoni suka shiga rige-rigen buɗe ofis a ƙasashen da shugabanninsu ba su taɓa taka ƙafa ba. Da yara suka koma aji sai ruwa ya janye. A 2024 abin da aka zuba bai kai dala biliyan 3 ba. Ofisoshi da dama aka rufe, aka sallami ma'aikata, aka bar malamai riƙe da darussan da babu mai kula da su.

Asarar masu jari ba ta dame ni kamar yadda halin yaran da aka bari a tsakiyar zango ya dame ni ba. Shi ya sa nake son mai kamfani ya san hanya kafin ya ɗaura ɗamara. Yakan kalli taswira ya ce zai shiga ƙasa kaza, alhali a harkar ilimi abu uku ne ke yanka iyakar kasuwa: jarrabawar da ake tsoro, aljihun da kuɗi zai fito, da watan da ake yanke shawarar saye. Duk ranar da ɗaya daga cikinsu ya canza, ka shiga sabuwar kasuwa, ko da ba ka tsallake iyakar ƙasarka ba.

Mataki na farko: ka tabbata gida ya tsaya da ƙafarsa

Ka zauna da littafin cinikinka ka amsa tambaya uku ba tare da yaudarar kai ba. A cikin waɗanda suka biya bara, nawa ne suka sake biya bana? A cikin ɗaliban da suka yi rajista, nawa ne ke buɗe manhajar bayan mako shida, lokacin da ɗokin sabon abu ya kwanta? Kuɗin da kake kashewa kafin ka samu kwastoma ɗaya, wata nawa yake yi kafin ya dawo aljihunka? Yawan waɗanda suka sauke manhaja a waya ba ya cikin wannan lissafi. Lamba ce mai daɗin faɗa a taro, amma ba ta biyan albashi. In kwastomomin gida zubewa suke yi, fita waje ɗiban ruwa ne da kwando.

Kamfanin Byju's na Indiya shi ne gemun da ya kama da wuta kowa yana gani. An kafa shi a 2011, a 2022 aka yi masa ƙimar dala biliyan 22. Ya sayi kamfanin Osmo na Amurka a 2019 a kan dala miliyan 120, ya sayi Epic, manhajar littattafan yara, a 2021 a kan miliyan 500, ya sayi cibiyoyin koyarwa na Aakash a kan kusan biliyan ɗaya, ya ciyo bashin dala biliyan 1.2 a ƙasar waje, har sunansa ya hau allunan gasar cin kofin duniya ta Katar. Duk wannan yana gudana ne a lokacin da iyaye a gida ke kuka da matsin lambar masu tallarsa, rahoton kuɗinsa kuma yana makara. A 2024 kotu ta buɗe shari'ar karyewarsa, a 2025 aka sayar da Epic a kan dala miliyan 95. Ginin sama ya yi ta hawa, tushe kuwa yana tsagewa.

Mataki na biyu: ka zana kasuwar da jarrabawa

Ka ɗauki takarda ka rubuta sunan jarrabawar da ke hana iyaye barci a wurin da kake hari. A Indiya JEE ce ga mai son injiniya, NEET ga mai son likitanci. A Birazil ENEM ce, a Sin Gaokao, a Ingila GCSE da A-level. Kuɗin iyaye jarrabawa yake bi, lokacin malami ma haka. Darasi komai kyansa, in bai taɓa abin da za a tambayi yaro a ranar jarrabawa ba, sai an gama komai ake waiwayarsa, kuma ba a gamawa.

Da ka yi wannan zane za ka ga abin mamaki: ƙasa ɗaya na iya zama kasuwa ashirin. Amurka tana da gundumomin makarantu kusan 13,000, kowace da hukumarta da kasafinta, jihar Texas kuma ba ta bi ma'aunin karatu na Common Core da jihohi da yawa suka ɗauka ba, nata take bi mai suna TEKS. A Jamus kowace ɗaya daga jihohi 16 ita ke riƙe da makarantunta. Sukotilan tana da jarrabawarta daban da ta Ingila. Indiya tana da hukumar jarrabawa ta tarayya mai suna CBSE, ga hukumomin jihohi, ga harsuna 22 da tsarin mulki ya lissafa. Akasin haka ma yana faruwa. Hukumar WAEC tana aiki a ƙasashe biyar, Najeriya da Gana da Saliyo da Laberiya da Gambiya, ko da yake wasu takardun sukan bambanta. Makarantun da ke bin tsarin jarrabawar ƙasa da ƙasa na Cambridge ko IB kuma suna warwatse a duniya da manhajar karatu iri ɗaya. Wani lokaci ƙasar maƙwabta ta fi jihar maƙwabta kusa da kai.

A cikin gida hanyar girma uku ce: ka je sabon yanki, ka ƙara sabon aji ko sabuwar jarrabawa, ko ka nemi sabon mai biya. Kamfanin Physics Wallah na Indiya ya fara ne a YouTube a 2016, Alakh Pandey yana koyar da fiziks da Hindi gauraye da Turanci. Manhajar waya ta zo a 2020, ajujuwan zahiri suka biyo baya, da zai gangara kudancin Indiya inda Hindi ba ta ci sai ya sayi hannun jari a Xylem na jihar Kerala a 2023. Coursera kuwa, dandalin kwasa-kwasan intanet na Amurka, mai biya ya canza: ya fara da ɗaiɗaikun masu koyo a 2012, ya buɗe sashen kamfanoni a 2016, ya buɗe na jami'o'i a 2019.

Shawarata, ka canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Sabuwar ƙasa da sabuwar jarrabawa da sabon mai biya duk a shekara guda, taura biyu ma ba ta taunuwa balle uku. In abin ya ƙi, ba za ka san wanne ne ya kayar da kai ba.

Ka kuma bincika ko jarrabawar za ta daɗe. Kenya ta fara sauya tsohon tsarin karatunta na 8-4-4 a 2017, aka yi KCPE, jarrabawar gama firamare, karo na ƙarshe a 2023. Wanda ya kashe dukiyarsa yana gina tarin tambayoyin KCPE a shekarun ƙarshe ya yi shuka a idon makwarwa.

Mataki na uku: wa zai biya, kuma yaushe?

Mai amfani daban, mai biya daban, mai sa hannu daban. Yaro ne ke danna waya, uwa ko uba ke biya. Malami ne ke koyarwa da manhajar, shugaban makaranta ke amincewa, ma'aji ke riƙe da kuɗi, mai kula da kwamfutoci kuma yana iya cewa a'a bayan kowa ya ce e. Ka san kowannensu da abin da ke damunsa.

Iyaye suna yanke shawara da wuri, suna kuma tafiya da wuri, tallan da za ka yi kafin ka kai gare su yana da cin kuɗi. Makaranta takan ɗauki watanni, amma in ta karɓe ka tana iya riƙe ka shekaru. Gwamnati kwangilarta babba ce, sai dai akwai gasar neman kwangila, akwai jinkirin biya, akwai kuma ranar da za a canza minista sabon ya zo da nasa tsarin. Kamfanin da rabin kuɗin shigarsa ke fitowa daga ma'aikata ɗaya yana tsaye ne da ƙafa ɗaya.

Sai kalanda, wadda mutane ke rainawa. Japan tana buɗe shekarar karatu a Afrilu, Koriya ta Kudu a Maris, Birazil a Fabrairu, Kenya da Afirka ta Kudu a Janairu, Amurka da galibin Turai a Agusta ko Satumba. Shawarar saye kuwa watanni kafin nan ake yanke ta. Yawancin gundumomin Amurka kasafinsu yana farawa ne a 1 ga Yuli, don haka wanda ya zo da tallarsa a Satumba ya makara da shekara guda cur, zai yi ta biyan haya da albashi yana jira. Ka rubuta ranar buɗe makaranta, ka ƙirgo baya, daga nan za ka san ranar da ya kamata ka iso.

Mataki na huɗu: lauya kafin injiniya

A nan zan daɗe, domin nan ne kamfanoni ke mutuwa farat ɗaya. Babu gwamnatin da ke ɗaukar ilimi kamar sauran haja. Tarbiyyar 'ya'yan ƙasa ce, kuma tana iya sa hannu a kowane lokaci.

A Yulin 2021 gwamnatin Sin ta hana koyar da darussan makaranta don neman riba bayan an tashi aji, ta kuma hana malaman da ke zaune a ƙetare koyar da yaran ƙasar ta intanet. VIPKid, wanda sana'arsa ita ce haɗa malaman Arewacin Amurka da yaran Sin, ya daina sayar da irin wannan darasi a cikin makonni. New Oriental, babban kamfanin koyarwa na Sin, ya sallami ma'aikata 60,000 a wannan shekara. A Yuganda, a 2016, gwamnati ta ba da umarnin rufe makarantu 63 na Bridge International Academies a kan batun lasisi da tsafta da cancantar malamai. Kamfanin ya musanta, amma babbar kotu ta goyi bayan gwamnati. Wani lokaci dokar ƙasarka ce ma za ta ɗaure ka: a Janairun 2014 Coursera ya toshe masu koyo na Iran da Kyuba da Sudan da Siriya saboda takunkumin Amurka.

Sai bayanan yara. Kalmar "yaro" kanta ba ma'anarta ɗaya ba. Dokar COPPA ta Amurka tana kare wanda bai kai shekara 13 ba. Dokar GDPR ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Mayun 2018, ta sa 16 amma ta bar kowace ƙasa ta sauko har zuwa 13, tararta kuma tana iya kaiwa kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani a duk duniya. Dokar Indiya ta 2023 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, sai da yardar iyaye. Kenya ta yi tata dokar a 2019, Najeriya a 2023, Birazil tana da LGPD, Afirka ta Kudu tana da POPIA. Dokar Turai ta 2024 kan ƙirƙirarriyar basira ta sa manhajojin da ke ba da maki ko tantance ɗalibai a sahun masu babban haɗari, ta kuma hana na'urar da ke karanta yanayin zuciyar ɗalibi a makaranta.

Kada ka ce malami ne zai nemo yardar iyaye, kai ka wanke hannunka. A 2023 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta ci tarar Edmodo, dandalin intanet na malamai da ɗalibai, dala miliyan 6, kuma daga cikin laifukansa har da ɗora wa makarantu wannan nauyi da yin amfani da bayanan yara wajen talla. Ko doka ba ta kama ka ba, iyaye za su iya. Shirin inBloom ya samu tallafin dala miliyan 100, amma ya rufe a 2014 saboda iyaye sun ƙi yarda a tara bayanan 'ya'yansu a rumbu ɗaya.

Ka ɗauki lauyan ƙasar, wanda ya san ma'aikatar ilimi daga ciki, ka ba shi tambayoyi a rubuce. Ina bukatar lasisi? Baƙo zai iya mallakar kamfanin gaba ɗaya? Takardar shaidar da zan bayar, wa zai amince da ita? A ina doka ta ce a ajiye bayanai? Malaman da zan ɗauka ma'aikata ne a idon doka ko 'yan kwangila? Zan iya fitar da ribata? In amsa ɗaya ta zo da duhu, ka dakata tukuna.

Mataki na biyar: ka je ka zauna a bayan aji

Gani ya kori ji. Rahoton da ka saya ba zai nuna maka abin da mako biyu a makaranta zai nuna maka ba.

Na taɓa zama a bayan wani aji ina kallon malama tana fama da wata manhaja da aka kawo daga wata ƙasa. Darasin minti 40 ne. Manhajar ta nemi kowane yaro ya sa adireshin imel, yaran kuwa 'yan shekara tara ne, ba mai imel. Malama ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta kalmar sirri a guntun takarda tana mannawa a bayan kwamfutar hannu. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, tawa ta ce in jira." Bidiyon farko ne ke ta juyawa ya ƙi buɗewa. Da aka kaɗa ƙararrawa yara 11 ne kawai suka ga tambayar farko. Ta tattara na'urorin ta mayar cikin kwali, washegari ta koma wa allinta, kuma ban ga laifinta ba. Kamfanin bai san haka ta faru ba, domin a lissafinsa ajin yana cikin masu amfani.

Abin da za ka duba ke nan. Wace irin waya ce a hannun mutane, ta wa ce, ƙarfe nawa take zuwa hannun yaro? Data tana isa? Wuta fa? Da wane tsari makarantar ke aiki, Moodle ko Canvas ko Google Classroom, kuma manhajarka tana iya haɗuwa da shi ba sai malami ya sake rubuta sunayen ɗalibai ba? Waɗanda suka duba da idonsu sun gina abin da ya dace. Eneza ya koyar ta gajeren saƙon waya a Kenya, ya kai tsarin Gana da Kodebuwa. uLesson a farkonsa a cikin ɗan katin memori yake sayar da darussa don kada data ta zama shinge. Kolibri na ƙungiyar Learning Equality yana aiki ko babu intanet sam.

Mataki na shida: ka mayar da darasin ɗan gida

A Hausa kalma ɗaya muke amfani da ita ga abin da ake sawa a waya da tsarin abin da ake koyarwa, duka manhaja ne. Dacewa ce mai kyau, domin a sabuwar kasuwa dole biyun su tafi tare. Fassara ƙaramin ɓangare ce ta aikin.

Ka ɗauki lissafi, wanda ake cewa harshensa ɗaya a duniya. Ɗan Faransa waƙafi yake sawa inda ɗan Ingila ke sa ɗigo a lamba mai gutsure, kuma yadda yake jera doguwar rabawa a takarda daban ne. Ɗan Indiya da lakh (dubu ɗari) da crore (miliyan goma) yake ƙirga manyan lambobi. Larabci daga dama yake tafiya zuwa hagu, sai an juya fuskar manhajar gaba ɗaya. In injin duba amsa ya ce yaro ya faɗi alhali yadda malaminsa ya koya masa ya rubuta, ka rasa yaron da malamin a rana ɗaya. Tarihi da taswira kuwa sun fi haka zafi, iyaka ɗaya da aka zana ba daidai ba tana iya jawo a hana ka aiki.

Ka ɗauko manhajar karatu ta hukuma, ka jera ta layi-layi kusa da darussanka, ka raba su uku: wanda ya dace, wanda ke bukatar gyara, wanda babu shi sam. Malaman ƙasar da ke cikin aji yanzu su za su yi wannan aiki, kuma a biya su da kyau. Murya ma tasu za a ɗauka. Har suna kan canza: Ruangguru na Indunusiya ya shiga Biyetnam da sunan Kien Guru, ya shiga Tailan da sunan StartDee.

Mataki na bakwai: ta wace ƙofa za ka shiga?

Manhajar da mutum ke saukewa da kansa, kamar Duolingo, tana iya shiga ƙasa ba ofis ba wakili, ta fara kyauta, masu so su biya daga baya. Wannan ta fi sauƙi ga koyon harshe da sana'a, inda ba ruwan hukumar jarrabawa. Ga mai sayar wa makarantu kuwa, da ɗan gari akan ci gari. Udemy ya shiga Japan a 2015 ta hannun Benesse, tsohon kamfanin ilimi da Japanawa suka daɗe da sani. Khan Academy ya samu Gidauniyar Lemann ta mayar da darussansa harshen Fotugal a Birazil, Gidauniyar Carlos Slim kuma ta tallafa wa na Sifaniyanci. Ƙofa ta uku ita ce saye. Kahoot na Norway ya sayi Clever a 2021 a kan kuɗin da ya kai dala miliyan 500, domin Clever ne ƙofar da ɗimbin makarantun Amurka ke bi su shiga manhajojinsu. Ya san abu ɗaya da yake nema, ya saya. Bambancinsa da mai sayen kamfani goma a shekara ke nan.

In wakili za ka ɗauka, yarjejeniya ce za ta cece ka ko ta ɗaure ka. Zai nemi ka ba shi ƙasar shi kaɗai. Ka yarda, amma na ɗan lokaci, kuma da sharaɗin adadin cinikin da zai kawo, in bai cika ba haƙƙin ya dawo hannunka. A rubuta wa ke da darussan da aka fassara in kun rabu, wa ke riƙe da jerin makarantu, wa zai amsa waya in manhaja ta tsaya ana tsakiyar darasi. Ka yi rajistar sunan kamfaninka a ƙasar da hannunka kafin ka fara tattaunawa da kowa. Kuma ka tambayi wakilin kayan kamfani nawa ne a jakarsa, domin wanda ya fi ba shi la'ada shi zai fara fitarwa.

Tarukan baje koli irin su Bett na Landan da GESS na Dubai da eLearning Africa wuraren haɗuwa da irin waɗannan mutane ne. A haɗu a can, amma kada a sa hannu a can.

Mataki na takwas: farashi da hanyar biya

Kada ka canza farashin gida zuwa kuɗin ƙasar ka ce ka gama. Ka tambayi abin da iyaye ke kashewa yanzu a kan malamin gida ko littafin bita, a nan farashinka zai zauna. Wasu wurare biyan mako ya fi biyan shekara karɓuwa. Katin banki ba kowa ke da shi ba: Indiya da UPI take biya, Birazil da Pix tun 2020, Kenya da M-Pesa tun 2007. Shagunan manhaja na Apple da Google sun daɗe suna cire kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari. Tarayyar Turai tun 2015 tana karɓar harajin hajar intanet gwargwadon ƙasar mai saye. Sai faɗuwar darajar kuɗi: a Maris 2024 dala ɗaya ta tashi daga fam ɗin Masar kusan 31 zuwa kusan 50. Wanda ke karɓar kuɗin gida yana biyan rumbun bayanai da dala, ya lissafa irin wannan rana tun kafin ta zo.

Mataki na tara: gwaji ƙarami, shaida ta gaskiya

Ka zaɓi makarantu kaɗan, ka haɗa da masu rauni, kada ka tsinci na gaba-gaba kawai. Ka yi zango ɗaya cikakke. Ka sa su biya ko da kaɗan ne, domin abin kyauta kowa yana karɓa, ba ya nuna maka wanda zai saya. Tun kafin a fara ku rubuta abin da za a auna da ranar da za a zauna a duba, ka kuma ware wasu ajujuwa da ba su yi amfani da manhajar ba don a kwatanta.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa in aka tsallake wannan. A 2013 gundumar makarantun Los Angeles ta fara shirin dala biliyan 1.3 na raba wa ɗalibai iPad ɗauke da darussan kamfanin Pearson. Darussan ba su kammala ba, malamai ba su samu isasshen horo ba, a 2014 aka dakatar da kwangilar. A Feru, binciken Bankin Raya Ƙasashen Amurka na 2012 a makarantun karkara 319 ya gano cewa kwamfutocin shirin One Laptop per Child ba su ɗaga makin lissafi ko na harshe ba bayan wata 15. A ɗaya gefen, gwajin da Karthik Muralidharan da abokan aikinsa suka yi wa manhajar Mindspark a Delhi ya nuna ci gaba sosai a lissafi da Hindi cikin wata huɗu da rabi, domin tana fara wa kowane yaro daga inda iliminsa ya tsaya, ko da ajinsa ya wuce nan.

Masu saye sun waye. Dokar ESSA ta Amurka ta 2015 ta kasa shaida hawa huɗu, kuma wasu kuɗaɗen tarayya sai da irin wannan shaida ake kashe su. Rahoton UNESCO na 2023 ya ce shaida mai ƙarfi kan amfanin fasaha a ilimi ba ta da yawa, kuma kaso mai yawa na wadda ake da ita daga masu sayarwa take fitowa. Saboda haka ka ba jami'ar ƙasar ko wata cibiya mai zaman kanta damar aunawa, ka yarda a wallafa sakamakon ko ya yi maka daɗi ko bai yi ba. Shaidar da ka kawo daga gida tana buɗe ƙofa, amma shugaban makaranta abin da yake son ji shi ne yadda ta kaya a makaranta irin tasa.

Horon malamai yana cikin gwajin. Zama ɗaya a farkon zango ba ya isa. A kowace makaranta ka samu malami ɗaya da abin ya shiga ransa, ka riƙe shi da kyau, shi sauran za su riƙa tambaya.

Mataki na goma: mutane, da ƙofar fita

Mutum na farko da za ka ɗauka ya zama ɗan ƙasar, wanda ya taɓa koyarwa ko ya daɗe yana hulɗa da makarantu, kuma ka ba shi ikon cewa a'a ga hedkwata. In sai ya jira izini daga wata nahiya kafin ya gyara kuskure a darasi, ba shugaba ka ɗauka ba, ɗan aike ne. Masu amsa koke su kasance a farke a lokacin da ake karatu a can, da harshen da malamai ke ji.

Kafin ka kashe sisin farko, ka rubuta nawa za ka iya kashewa, wata nawa za ka jira, da lambar da in ba ka kai ta ba za ka janye. Shekarar karatu biyu ita ce mafi ƙanƙanta, domin sai a ta biyu ake ganin wanda zai sabunta. Sai kasuwa ta farko ta fara ɗaukar nauyin kanta za ka buɗe ta biyu, kana riƙe da rubutaccen abin da ka koya.

In janyewar ta zama dole, a yi ta da mutunci. Edmodo ya sanar da rufewarsa a Agustan 2022, ya rufe a Satumba, daidai lokacin da malamai a ƙasashe da yawa ke buɗe sabuwar shekara da darussan da suka tara a cikinsa. Kai ka sanar da makarantu tun ana saura zango guda. Ka ba malamai hanyar kwashe darussansu da makin ɗalibansu, ka mayar wa iyaye ragowar kuɗinsu, ka goge bayanan yara kamar yadda ka yi alkawari, ka bar darussan a buɗe har ranar da aka rubuta takardar ƙarshe ta jarrabawa.